Gadon Sanyi

Litinin, 10 ga Yuni 1940, da yamma

An ce an fara yaƙi. Kwamanda ya tara mu a bakin tashar Masawa ya karanta takarda, aka yi tafi, ni kuwa hankalina yana kan buhunan albasa da aka bari a rana. Ko da yaƙi ko babu, mutum arba'in da wani abu za su buɗe baki gobe, kuma wurin Efisio kuku za su zo. Mun loda taliya, tumatir, madarar gwangwani, biskit mai karya haƙori, da naman gwangwani. Naman nan ban yarda da shi ba, wasu gwangwanayen sun kumbura don zafi. Na gaya wa mai rabon kaya, ya ce in ban gamsu ba in kai ƙara Roma.

An jima kaɗan Goggo, jirginmu, za ta fita. Tana da sunanta na gwamnati a rubuce da tagulla, amma ban da jami'ai ba mai kiranta da shi. Kawu Cataldo ne ya raɗa mata Goggo, wai duk cikin jiragen da ke nitso a Bahar Maliya babu mai mita da tsiyaya irin nata. Ya isa ya raɗa mata suna. Tun tana tarin ƙarafa a Taranto yana wurin, da hannunsa ya haɗa batiranta, kuma har yau shi ke kula da su. Ba kawuna ba ne na jini, ni ɗan tsibirin Sardiniya ne, amma duk jirgin Kawu muke ce masa.

Na gaji tun ba a je ko'ina ba.

Laraba, 12 ga Yuni, da rana tsaka

Muna ƙasa tun asuba. Da rana mu nutse mu yi ta jan ciki da batir, da dare mu taso injin dizal ya cika batiran, mu ma mu shaƙi iska. Tsakanin nan sai zufa. Kowa daga shi sai gajeren wando da tsumma a wuya, ƙuraje sun fara feso wa mutane a hammata. Ɗakin girkina yana can baya jikin ɗakin inji, inda ba ma jin injin sanyi sai a labari. Na taɓa roƙon babban injiniya ya jawo mini bututu ɗaya, ya ce taliya ba ta buƙatar sanyi.

Yau aka fara zaren wake na tafiyar nan. Gado ɗaya ne a ɗakin gaba, na sama, daidai bakin bututun injin sanyi, iska tana hura wa mutum a fuska. An sha dambe a kansa da muka zo Masawa, har Kawu ya kawo doka: farin wake a jaka, ɗaya ja, wanda ya zaro jan shi ke da gadon sanyi a hutunsa na ranar. Jakar a hannuna take, don wake nawa ne, kuma wai ni ba ni da aboki balle in yi son kai.

Saverio, ɗan Napoli mai kula da harsasan gaba, shi ya ci. Ya hau gadon yana waƙa kamar an ba shi sarauta. Kawu kuwa tun da aka fara dokar bai taɓa ci ba.

"Kawu, kai ka kawo doka, ga shi ta ƙi ka," in ji Saverio daga sama.

"Ka sha sanyinka, ɗana. In ka daskare zan sa kuku ya ɗumama ka da miya."

Gadonmu ɗaya ni da Kawu, na ƙasa kusa da ƙofa. In ya tashi aiki in kwanta, in na tashi ya kwanta. Shekara huɗu ina kwana a kan zufarsa, shi yana kwana a kan warin tafarnuwata, ba wanda ya taɓa kai ƙarar wani.

Alhamis, 13 ga Yuni, da la'asar

Saverio ya sake ci. Ba mu ga jirgi ba, ba mu ga komai ba. Burodi ya fara furfura.

Juma'a, 14 ga Yuni, da la'asar

Bayan abincin rana Saverio ya yi amai a kan takalmin wani. Da aka ɗago shi sai ya kama dariya, dariya ta ƙi tsayawa, har hawaye. Wasu biyu a ɗakin gaba suna kukan ciwon kai, ɗaya yana tafiya kamar ya sha giyar mako guda. Ba mu da likita. Laftanar Bressan, mataimakin Kwamanda, shi ke riƙe da akwatin magani da littafinsa. Ya zo ɗakin girki ya tsaya a ƙofa, don wurin ba ya ɗaukar mutum biyu.

"Me ka ba su?"

"Abin da na ba ka, ranka ya daɗe. Taliya da nama."

"Naman lafiyarsa ƙalau?"

Na ce na zubar da waɗanda suka kumbura. Gaskiya ne, na zubar da mafi yawansu. Wanda bai kumbura sosai ba na shinshina, na ji ba laifi, na zuba a miya. Haka kowane kuku yake yi, in ba haka ba da me za a kai ƙarshen wata?

Asabar, 15 ga Yuni, da hantsi

Da muka taso jiya suka sha iska, duk suka warware. An maido Saverio gadonsa na ƙasa, ya tashi yana neman kofi da wanda zai zaga. Na ji sauƙi a raina.

Asabar, da yamma

Sun sake kwantawa, har da sababbi. Kullum bayan abincin rana.

Lahadi, 16 ga Yuni, da la'asar

Yau Lahadi, na yi miya mai kauri. Kawu ya zo da kwanonsa daga ƙarshe kamar kullum, na tsame masa naman da na ɓoye a gindin tukunya, na ƙara masa ludayi guda. Tun ran da na shigo Goggo nake yi masa haka. Shi ya tsaya mini lokacin da na ƙone shinkafar jami'ai a makona na farko, ya ce wutarsa ce ta yi yawa. Ya ci ya suɗe kwanon da burodi, ya koma ɗakin gaba ya ɗaga farantin ƙarfen ƙasa zai auna ruwan batir. Can aka same shi zaune, yana yi wa batiran magana da sunayen 'ya'yansa mata.

Ni na ƙara masa ludayin.

Saverio ya zo har ƙofar ɗakin girki, ya tsaya yadda kowa zai ji.

"Kuku, tambaya nake. Ya aka yi kowa na faɗuwa kai kana tsaye da ƙafafunka?"

"'Yan ɗakin inji ma suna tsaye."

"Waɗancan cikinsu ya saba da baƙin mai, ko takalmi ka dafa musu za su narkar. Kai nake tambaya. Kana cin abin da kake dafawa kuwa?"

Na ɗauki ludayi na ɗebi miyar na shanye a gabansa. Ya ce wa ya sani ko ta saman tukunya daban take da ta ƙasa. Ni ma abin da ke raina ke nan.

Litinin, 17 ga Yuni, da hantsi

Laftanar ya duba littafinsa ya yanke hukunci: gubar abinci ce. An zubar da naman gaba ɗaya kafin mu nutse. Marasa lafiya madara kawai za su sha, a kwantar da su wuri mai sanyi. Daga yau gadon sanyi nasu ne, masu lafiya sun fita daga zaren wake. Su shida ne kwance, gado ɗaya. Laftanar ya ce a ci gaba da wake tsakaninsu, kada a ce an yi son kai, wanda kuma ba ya iya miƙa hannu kuku ya zarar masa.

Kawu ba ya iya miƙa hannu. Leɓɓansa sun tsage, jikinsa zafi kamar murfin tukunya.

Da na koma ɗauko jakar sai na ciro jan na maƙale shi tsakanin yatsa na tsakiya da na zobe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya suna zaro fari. Da na iso kan Kawu na sa hannu a jaka na fito da shi. Ba wanda ya ga komai. Mutum huɗu suka ɗaga shi zuwa sama, iska ta bugi fuskarsa, ya saki ajiyar zuciya. Saverio ya ce, to, Kawu ya ci wake yau, saura mu ga Goggo ta daina tsiyaya.

Tun da muka zo Masawa jakar nan tana hannuna ban taɓa yin haka ba. Ban ji kunya ba ko kaɗan.

Talata, 18 ga Yuni, da rana tsaka

Ja, Kawu.

Nazario, mai tuƙi, yana kwance a ƙasa kusa da ƙofa, inda zafin tsakiyar jirgi ke shigowa. Ya riƙe mini ƙafa da zan wuce.

"Efisio, don Allah ka girgiza jakar da kyau gobe. Zan narke a nan."

Na ce zan girgiza. Nazario saurayi ne, zai jure. Kawu ya haura arba'in da biyar, kuma ni na ƙara masa ludayi.

Na dafa shinkafa fara da man zaitun, ba komai a ciki. Sun ci suna kallona. Wasu sun ture kwano sun koma ga biskit.

Laraba, 19 ga Yuni, da la'asar

Ja, Kawu. Har an fara cewa waliyyin garinsu ne ya tuna da shi.

Ba nama kwana biyu, amma an ƙara kwantar da mutum uku. Laftanar ya ce guba takan daɗe a jiki. Ya sa na wanke tukwane da ruwan tsami, ya zubar da gwangwanayen tumatir masu tsatsa. Wani ya tashi tsirara ya ce zai buɗe ƙofar sama ya je kasuwa, sai da aka ɗaure shi a gado. Kwamanda bai faɗa mana komai ba, idanunsa sun yi ja. Ban san inda muke ba, ban san abin da muke jira ba.

Na hau akwati na ba Kawu madara da cokali. Ya sha kaɗan ya ɗora tafinsa a jikin ƙarfen jirgi ya fara ba ni tarihinta, kamar ban sani ba. Ran da aka sauke ta ruwa a Taranto kwalbar giyar da ake fasa wa sabon jirgi ta ƙi fashewa sai a bugu na biyu, matarsa Addolorata ta ce kada ya shiga jirgin nan, ya shiga. Shekarar da suka yi ta sintiri a gaɓar Sifen da sunan jirgi a shafe, ba su harba ko ɗaya ba, suka dawo da ƙwarƙwata. Ran da ta daki bakin tashar Leros ta sami lotsawar nan ta hanci. Yinin da suka yi kwance a ƙasan teku wajen Tobruk, famfo ya mutu, shi da mutum biyu suka tayar da ita da guntun waya da addu'a. Daga nan mashigin Suwez, yara a bakin ruwa suna ɗaga musu hannu, sai Masawa.

"Ba ta taɓa kashe kowa ba, ɗan tsibiri," in ji shi. "Ba nasu ba, ba namu ba. Tsohuwar kirki ce, bakinta ne kawai."

Daga nan ya kira ni Addolorata, ya ce in rufe taga yara za su yi mura. Na gyara masa matashi yadda iskar za ta fi samunsa.

Alhamis, 20 ga Yuni, da hantsi

Ja.

Gadonmu na ƙasa ya zama nawa ni kaɗai. Na yi zaton zan ji daɗin miƙe ƙafa. Ba na iya barci a cikinsa.

Juma'a, 21 ga Yuni, da yamma

Jiya ban ƙara rubuta komai ba. Wajen azahar mai sauraro ya ji farfelar jirgin ruwan abokan gaba a samanmu. Aka kashe duk abin da ke ƙara, fanka, famfo, injin sanyi, aka ce kowa ya cire takalmi. Na rungume tukwanena kada su yi motsi. Sai suka fara jefo mana bama-bamai. Ba zan iya kwatanta shi ba, kuma ba na so. Fitilu sun fashe, fenti yana zubo mana a ka, wanda aka ɗaure a gado yana ta waƙar coci har aka toshe masa baki da tsumma. Suka tafi, suka dawo, suka sake tafiya. Goggo ta yi ta nishi amma ta riƙe.

Da aka ce a kunna komai, komai ya tashi ban da injin sanyi.

Na sami babban injiniya a durƙushe gabansa, hannu duk mai.

"Ranka ya daɗe, zai tashi?"

"Kai kuma me ya dame ka? Ba ya kaiwa wurinka."

"Kawu ne. In babu sanyin nan ba zai kai ba."

Ya dube ni, ya ce wani abu ya karye a ciki, babu irinsa a jirgi. Na roƙe shi. Na ce ya sake dubawa, na ce zan riƙe masa fitila, na ce kofina na sauran tafiyar nan nasa ne. Ya sake buɗewa don ya rabu da ni, ya yi ta fama har magariba, bai tashi ba. Na zage shi a raina, na zagi wanda ya ƙera injin.

Zafi yanzu ba a magana. Ina tsaye a kan akwati ina yi wa Kawu fifita da murfin tukunya har hannuna ya mutu.

Asabar, 22 ga Yuni, da la'asar

Nazario ya tashi zaune ya ce yunwa yake ji. Wanda ke ɗaure a gado ya tambayi wanda ya ɗaure shi da dalili. Yau ba wanda ya faɗi bayan abincin rana. Laftanar ya ce madara ta yi aiki.

Kawu ya buɗe ido ya gane ni. Ƙafafunsa ba sa motsi, fitsarinsa ya tsaya tun jiya, amma hankalinsa ya dawo sarai. Ya yafito ni da yatsa, na kai kunne.

"Ɗan tsibiri, hannunka ba shi da sauri. Na ga waken tun ranar farko."

Na waiga in ga ko akwai mai jin mu.

"Kwantar da hankalinka, ban gaya wa kowa ba. Na kawo doka, ka karya mini ita, ɗan banza." Ya yi ɗan murmushi. "Allah ya saka maka. Tun da na baro Taranto ban yi barci mai daɗi irin na kwanakin nan ba."

Na ce miyata ce ta kwantar da shi, ya yafe mini. Ya ce miyata ba ta taɓa yin daɗin da za ta kashe mutum ba. Ya tambaya ko an auna ruwan batir na gaba, na ce an auna. Ban sani ba ko an auna.

Na fita na yi kuka a ɗakin girki, na fake da albasa.

Lahadi, 23 ga Yuni, da rana tsaka

Kawu ya cika. An ɗinke shi cikin bargo. Ni na riƙe, Saverio ya ɗinka.

Litinin, 24 ga Yuni, da hantsi

Da gari ya fara wayewa, kafin mu nutse, Kwamanda ya bari mutum kaɗan suka hau sama. Ya karanta addu'a da sauri yana duban sararin sama, don jiragen sama ba sa jira. Aka sa wa gawar ƙarfe wajen ƙafafu, aka sake ta cikin teku. Ruwan ya yi lum, ko kumfa ban gani ba. Aka ce kowa ƙasa, muka sauka.

Mun juya gida. Sauran duk suna warkewa. Ba mai yi mini magana sai in miƙo kwano ne. Na kai ludayi gindin tukunya jiya zan ɓoye nama, sai na tuna babu nama, babu kuma mai zuwa daga ƙarshe.

Laraba, 26 ga Yuni, da yamma

Masawa. An kwashi marasa lafiya zuwa asibiti, ni kuma aka ce kada in bar jirgi sai an gama bincike. Wani jami'i ya kwashe sauran gwangwanaye da tukunya ɗaya ya tafi da su. Ya tambaye ni ko ina wanke hannu. Na ce in an ba ni ruwa.

In sun ce ni ne, ba zan musa ba. Na gaji da jira kawai.

Alhamis, 27 ga Yuni

Ba komai. Zafi. Ƙudaje.

Asabar, 29 ga Yuni, da la'asar

Likita ya zo da wasu masu gyara daga tasha. Ashe ba Goggo kaɗai ba ce, wani jirgin ma ya dawo da mutane a ɗaure. Ba su ko kalli ɗakin girki ba, ɗakin gaba suka nufa. An kira ni in kawo kofi, shi ya sa ina wurin.

Sun kwance bututun da ke saman gadon. Mai gyara ya shafa ruwan sabulu a wata mahaɗa, ya hura iska ta ciki, sai ga kumfa tana tashi. Tsagar ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Likita ya faɗi sunan iskar da ake ɗura wa injin sanyi, suna mai tsawo, ban riƙe ba. Ya ce ba ta da launi, warinta ba a jin sa, tana taruwa in jirgi ya daɗe a rufe, shi ya sa mutane ke faɗuwa da rana su farfaɗo in an taso. Ya ce da injin bai mutu ba da babu wanda zai dawo da jirgin nan.

"Abincin fa?" in ji Laftanar.

"Abinci lafiya lau. Wa ke kwana a gadon nan?"

"Marasa lafiya, yallaɓai. Littafi ya ce wuri mai sanyi."

Likita ya rufe ido ya buɗe. Ya ce ba laifin kowa ba ne, kowa ma haka zai yi. Ya ce wanda ya yini ɗaya a nan aka sauke shi zai tashi, ga su can asibiti suna cin abinci. Ya tambaya shi marigayin ya aka yi ya daɗe haka.

"Ƙuri'a suke yi da wake," in ji Laftanar. "Kullum shi take faɗa wa. Kuku ne ke riƙe da jakar, ga shi nan."

Likita ya juyo ya dube ni, ya ce Allah ya kyauta, ya karɓi kofinsa. Ya ce kofin ya yi daɗi.

Na koma na wanke kofuna. Na sake wanke su.

Lahadi, 30 ga Yuni, da hantsi

Na je coci, na zauna a baya. Layin masu zuwa furta zunubi wurin fada, limamin cocin, ya yi tsawo, na bi shi har saura mutum biyu a gabana, sai na fita na tsaya a rana.

Laraba, 3 ga Yuli, da rana tsaka

An dawo mini da tukunyata. Kwamanda ya faɗa a gaban kowa cewa kuku ba shi da laifi. Yanzu kowa ƙari yake nema. Miyar da ko ni na san gishiri ya yi mata yawa, sai ka ji ana cewa ba a taɓa yin irinta ba. Da suna zagina na fi samun barci.

Da miyar ce, da na san sunan abin da na yi. Ganganci ne na kuku, ana hukunta shi, a gama. Wannan kuwa ban san inda zan kai shi ba.

Asabar, 6 ga Yuli, da yamma

Nazario ya dawo daga asibiti, ya rame amma yana tafiya da ƙafafunsa. Ya rungume ni a ƙofar ɗakin girki.

"Ka tuna ina roƙonka ka girgiza jaka? Uwata ta ce tun ina yaro ba ni da sa'a. Zan rubuta mata in ce rashin sa'ar nan ce ta dawo mata da ni."

Na ce ya je ya zauna, zan kawo masa abinci.

Talata, 9 ga Yuli

An kawo sabon mai kula da batir. Shi za mu raba gado da shi. Ba ya shan taba, gadon ba ya warin komai.

Juma'a, 12 ga Yuli, da la'asar

An gyara injin sanyi, an ɗura masa wata iskar daban, wai wannan ko jariri ya shaƙa ba abin da zai same shi. An shafe lotsawar hanci da fenti. Kwamanda ya rubuta wa Addolorata, ya tambaye ni ko ina da abin da zan ƙara tun da ni na fi kusa da shi. Na ce a gaya mata bai sha wahala ba, ya yi barci sosai. Kwamanda ya ce wannan zai sanyaya mata rai.

Litinin za mu fita.

Litinin, 15 ga Yuli, da yamma

Ina lissafin albasa sai ga Saverio, bayansa mutanen ɗakin gaba duka, har da na inji. Ya cire hula, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce in ba shi jakar wake. Na ba shi, na ce in sun ba wani riƙonta ma ya fi mini. Ya zazzage ta a tafinsa ya tsamo jan.

"Kuku, bakina ya yi maka abin da bai kamata ba. Mu duka mun yi. Ba mu da abin ba ka, ka san abin da ke aljihunmu. Mun yi shawara, tafiyar nan ba zaren wake. Gadon sanyi naka ne har mu dawo."

Na ce ba na so. Na ce na saba da zafi, sanyi yana sa mini ciwon gaɓoɓi.

"Shekara huɗu kana soyuwa a ramin nan ba ka taɓa sa hannu a jakar don kanka ba," in ji Nazario. "Kuma mun ga yadda ka yi da Kawu. Ko ɗan cikinsa iyakar abin da zai yi ke nan."

"Kada ka ba mu kunya, ɗan tsibiri," in ji Saverio. Bai taɓa kirana da sunan nan ba, mutum ɗaya ne ke kirana da shi.

Ya kama hannuna ya sa waken a ciki ya rufe mini yatsu. Na buɗe baki. Duk suna kallona, fuskokinsu a sake, wasu har da ƙwalla. Na ce na gode.

Talata, 16 ga Yuli, da rana tsaka

Muna ƙasa tun asuba. Da lokacin hutuna ya yi suka raka ni har ɗakin gaba, Nazario ya gyara mini matashi yadda iskar za ta fi samuna. Na hau. Ga sabuwar mahaɗar nan a saman kaina, tana ƙyalli. Iskar tana hura fuska a hankali, ba wari, ba komai. Kawu bai yi ƙarya ba, wurin akwai daɗin kwanciya.

Idona biyu har aka zo kirana in ɗora tukunya. Da zan sauko na nemi waken a aljihu ban same shi ba. Yana hannuna, a maƙale tsakanin yatsa na tsakiya da na zobe.